Kada Ku Aika Mutum Inda Babu Kowa

Ya ku 'ya'yana masu aikin manhaja, maza da mata.

Kwanakin baya ɗaya daga cikinku ya same ni bayan la'asar, kwamfutarsa a hammata. Bayan mun gaisa sai ya ce, "Baba, akwai abin da ya ɗaure mini kai." Yana gina manhajar da za ta nuna wa mutum shagunan magani mafi kusa da shi. Muddin shago ɗaya ne a wuri ɗaya, komai yana tafiya lafiya lau. Sai ya ci karo da wani mai kemis da ke da rassa biyar, uku a cikin Kano, ɗaya a Zariya, ɗaya a Katsina, alhali shi gurbi ɗaya tak ya tanada wa wuri a rumbun bayanansa. Ya ce, "To wanne zan sa a cikin biyar ɗin?" Na ce masa ya gyara zama, domin tambayar nan ta girme shi a wannan sana'a, kuma ni kaina ta taɓa kayar da ni. Abin da muka tattauna a ranar shi ne na ga ya dace in rubuta muku gaba ɗaya, ko Allah zai sa wani ya tsallake ramin da na faɗa.

Bari mu fara daga tushe, saboda ƙannenku da ba su daɗe da shigowa ba. A wurin injin bincike, kowane abu da aka adana takarda ce: shago takarda ne, labarin jarida takarda ne, tallan neman ma'aikata ma haka. In ana so a san inda abu yake, ana manna wa takardarsa lambobi biyu. Ta farko latitud, wadda ke faɗin nisan wuri arewa ko kudu da Ikwaita. Ta biyu longitud, wadda ke faɗin nisansa gabas ko yamma da layin da ya ratsa Girinwic a birnin Landan. Kano tana wajen digiri 12 arewa da 8.5 gabas. Legas tana wajen 6.5 arewa da 3.4 gabas. Digiri ɗaya na latitud kusan kilomita 111 ne. Waɗannan lambobi biyu in sun haɗu su ne ɗigo ɗaya a taswira. Idan mai nema ya ce a nuna masa abin da ke cikin kilomita biyar daga inda yake tsaye, injin yana zana da'ira ne ya tankaɗe takardu kamar gari a rariya: abin da ɗigonsa ya faɗa cikin da'irar ya wuce, saura ya tsaya.

Wannan duk mai sauƙi ne da a ce kowane abu a wuri ɗaya yake. Amma ku da kuka tashi cikin jikokin fatake kun san ba haka duniya take ba. Ɗan kasuwa yana da rumfa a Kantin Kwari, yana da wata a Agege. Likita yana duba marasa lafiya a asibiti uku cikin mako guda. Labari ɗaya na ambaliya yana ambaton garuruwa bakwai. Kamfani yana neman ma'aikata a jihohi huɗu da talla ɗaya. Ku riƙe wannan tun daga farko: takarda mai wurare da yawa ba baƙuwa ba ce da za ku yi wa dabara ku wuce. Ita ce 'yar gida. Ku gina rumbunku da saninta tun ranar farko, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai gajerun hanyoyi guda uku da ke jan matashi idan ya zo nan, kuma kowacce tana da kyau a ido.

Ta farko ita ce a ɗauki babban ofis kawai a bar saura. Ita ce ta kayar da ni. Shekarun baya na yi wa wani kamfani irin wannan aikin na shagunan magani, na sa wa kowane mai shago adireshin hedikwatarsa, na ce sauran rassa za a ƙara daga baya. Bayan 'yan watanni wani magidanci ya zo har inda muke aiki. Ba da faɗa ya zo ba. Ya zauna a kan benci, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya ce mahaifiyarsa ce maganinta na hawan jini ya ƙare da daddare. Ya duba wayarsa, ta nuna masa cewa wurin da ke da maganin yana can ɗaya gefen gari. Ya fita cikin yayyafi, ya sha wuya kafin ya sami abin hawa, ya je ya dawo bayan fiye da awa biyu, tsohuwa tana kwance tana jiransa. Kashegari da safe yana fita masallaci sai ya ga allon wannan kemis ɗin a bayan layinsu, tafiyar da ba ta kai minti goma a ƙafa ba. Reshe ne sabo, kuma yana buɗe a daren. Ya ce mini, "Malam, na zo ne kawai ku gyara, kada ya faru da wani." Allah ya sa tsohuwar ta sami sauƙi. Amma har yau ina ganin hular nan a kan gwiwarsa. Tun daga ranar na daina kallon ɗigo a taswira a matsayin lamba. Kowane ɗigo ƙofa ce da wani zai taka ƙafarsa ya je.

Hanya ta biyu ta fi ta farko kama da ilimi, shi ya sa ta fi yaudara. Ita ce a tara wuraren duka a raba, a ɗauki tsakiyarsu. Mu gwada da ɗan kasuwarmu mai rumfa a Kano da Legas. Ku haɗa 12 da 6.5 ku raba biyu, za ku sami 9.25. Ku haɗa 8.5 da 3.4 ku raba biyu, za ku sami kusan 6. Ku nemi wannan wuri a taswira: kusa da Bida ne, a jihar Neja. Kun ga ke nan lissafi ya ɗauke mutum daga garuruwa biyun da yake, ya kai shi ƙasar Nupe inda ko tabarma bai taɓa shimfiɗawa ba. Mai nema a Kano ba zai gan shi ba, mai nema a Legas ba zai gan shi ba, na Bida kuwa zai gan shi ya fita nema a banza. An yi hasara uku da lissafi ɗaya.

Hanya ta uku ita ce ta fi ɓoye aibinta. Matashi zai ce, to bari in buɗe gurbi biyu, ɗaya na jerin latitud, ɗaya na jerin longitud, in zuba duka a ciki. Sai takardar ɗan kasuwarmu ta zama tana da latitud 12 da 6.5, tana da longitud 8.5 da 3.4. In ka gwada da Kano ta fito, in ka gwada da Legas ta fito, sai ka ce alhamdu lillahi an gama. To amma injin bai san wace lamba ce abokiyar wace ba, domin ka raba aurensu. Idan wani yana tsaye a wajen digiri 12 arewa da 3.4 gabas ya yi nema, injin zai duba ya ga akwai latitud da ta dace, wato ta Kano, akwai longitud da ta dace, wato ta Legas, sai ya ce ga shago kusa da kai. Wannan wuri kuwa kusa da Gaya ne ta Jamhuriyar Nijar, a bakin kogin Kwara, daura da iyakar Benin. Rassa biyu sun haifi wurare huɗu, biyu na gaske biyu na ƙarya. In rassan biyar ne, wuraren za su zama ashirin da biyar, ashirin daga ciki babu kowa a can. Saboda haka ka'ida ta farko ita ce: latitud da longitud na wuri ɗaya tagwaye ne, tare ake ajiye su, tare ake tambayarsu.

Kada ku ɗauka ku kaɗai kuka sha wannan wahala. Manyan masu wannan sana'a sun daɗe a kanta. Lucene, wanda Doug Cutting ya fara rubutawa a 1999, shi ne ginshiƙin da aka ɗora injinan bincike Solr da Elasticsearch a kansa. Yonik Seeley ya ƙirƙiri Solr a 2004, aka miƙa shi ga gidauniyar Apache a 2006, Shay Banon kuma ya fito da Elasticsearch a 2010. A shekarun baya, gurbin wuri da aka fi amfani da shi a Solr ɗigo ɗaya kawai yake karɓa ga kowace takarda, kamar dai rumbun yaron nan da ya zo wurina. Injiniya David Smiley yana cikin waɗanda suka duƙufa a kan matsalar, kuma a sigar 4.0 da ta fito a 2012 aka shigar da sabon tsarin da ke karɓar ɗigo da yawa, har da siffofi masu faɗi.

Dabarar da suka bi tana da daɗin fahimta, kuma ina so ku gane ta, kada ku tsaya ga kwafar umarni kawai. A 2008 wani ɗan ƙasar Birazil, Gustavo Niemeyer, ya fito da tsarin da ake kira Geohash. An yanka duniya gida 32, kowane gida da harafinsa ko lambarsa. Kowane gida an sake yanka shi 32, haka dai har ƙasa. Da haruffa biyar ka iso fili mai kusan kilomita biyar a kowane gefe. Da zarar wuri ya zama jerin haruffa, to ya zama kalma. Injin bincike kuwa gwanin kalmomi ne. Aikinsa na asali shi ne fihirisa, irin wadda kuke gani a ƙarshen manyan littattafai, mai cewa kalma kaza tana shafi kaza da kaza. Ba wanda ya taɓa cewa shafi ɗaya kalma ɗaya zai ɗauka. Don haka takarda mai rassa biyar sai ta shiga fihirisa a ƙarƙashin gidaje biyar, duk gidan da aka ƙwanƙwasa za a same ta. Daga 2016, da sigar Lucene ta 6, an koma wani tsarin bishiya da ya fi sauri, amma ma'anar ba ta sauya ba: kowane ɗigo da kansa yake tsaye, kuma ya isa ɗaya ya faɗa cikin da'ira takarda ta wuce rariya.

In har za ku yi amfani da Geohash da hannunku, ku kula da bakin iyaka. Wurare biyu da suka fara da haruffa iri ɗaya maƙwabta ne, amma ba duk maƙwabta ne ke farawa da haruffa iri ɗaya ba. Layin Girinwic ya ratsa garin Tema a Gana. Gidan da ke gabas da layin harafinsa na farko s ne, kamar Kano da Legas, wanda ke yamma da shi kuwa e ne, ko da katanga ɗaya ce tsakaninsu. Shi ya sa ake duba gidan da mutum yake tare da gidaje takwas da suka kewaye shi. Haka kuma in kun yi amfani da akwati mai kusurwa huɗu a madadin da'ira saboda sauri, ku sani akwatin ya fi da'irar faɗi da kusan kashi 27 cikin ɗari, kuma abin da ke kusurwarsa yana iya kai kilomita bakwai alhali biyar aka nema. Ku tankaɗe da akwati tukuna, sannan ku sake tacewa da nisa na gaskiya.

To, ka adana ɗigonka daidai, takarda tana fitowa. Aiki bai ƙare ba, domin tambaya uku ce a dunƙule, kuma matasa sukan amsa ta farko su manta da biyun. Ta farko: wa zai fito? Ta biyu: wa zai zo a gaba? Ta uku: me za a nuna wa mai nema?

A kan ta biyu, ku yi tunanin mutum a tsaye a Fagge. Mai kemis na farko yana da reshe a nan kusa, kilomita ɗaya, yana da wani a Katsina. Na biyu shagonsa ɗaya ne, kilomita takwas daga nan. Wanda ya kamata ya zo a sama shi ne na farko, saboda reshensa mafi kusa shi ne abin aunawa. Elasticsearch yana ba ka zaɓi ka jera da mafi kusa, ko mafi nisa, ko matsakaici, kuma in ka jera daga ƙarami zuwa babba ba ka faɗi komai ba, mafi kusa yake ɗauka. Duk da haka ku rubuta zaɓinku a fili, domin wanda zai gaje ku ya san da gangan kuka yi. Akwai ranar da mafi nisa ne abin dubawa, kamar mai rabon kaya da dole ya je duk wuraren kafin ya dawo gida. Bukatar mai nema ce ke yanke hukunci.

A kan ta uku, injin da ya ce maka takarda ta dace ba lallai ne ya gaya maka wane reshe ne ya sa ta dace ba. Sau da yawa na ga manhaja ta rubuta "kilomita 1 daga nan" sannan ta nuna adireshi da lambar wayar babban ofis da ke wani gari. Nisan na reshe ɗaya, adireshin na wani. Mutum zai bi adireshin da ya gani, ba lissafin da ke cikin injin ba. Ku tabbata reshen da aka auna shi ne reshen da aka nuna, da lambar wayarsa, da lokacin buɗewarsa.

Wannan ya kawo mu inda maganar ta fi zurfi. Wuri ba ya tafiya shi kaɗai, yana tafe da lokacinsa da kayansa. Ku ɗauki dillalin dabbobi da ke cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis, ya ci ta Wudil ranar Juma'a. In ka zuba wurarensa biyu a gurbi ɗaya, ranakunsa biyu a wani gurbin, sai wani ya nemi dillali kusa da Wudil ranar Alhamis, injin zai ga akwai Wudil, akwai Alhamis, ya miƙo shi. Mai nema zai je Wudil ya tarar da kara babu mutuminsa, shi yana can bakin iyaka a Maigatari. Ciwon nan ɗaya ne da na Gaya, ya sake riga ne kawai. Haka yake ga kemis: reshen Zariya ne ke da maganin, reshen Fagge ne ke kusa, injin ya haɗa biyun ya ce maganin yana kusa.

Maganin wannan iri biyu ne, kowanne da kuɗinsa. Na farko, ka mai da takardar uwa da 'ya'ya: sunan mai shago da abin da ya game duka rassa yana wurin uwa, kowane reshe kuma ɗa ne mai ɗauke da ɗigonsa da ranakunsa da kayansa. Sai ka ce wa injin sharuɗɗan duka su cika a jikin ɗa ɗaya, kuma ya dawo maka da ɗan da ya cika su. Solr da Elasticsearch duk suna da wannan tsari. Kuɗinsa shi ne ya fi nauyi, kuma a tsarin da ake ajiye uwa da 'ya'ya a dunƙule, gyaran reshe ɗaya yakan sa a sake rubuta gidan gaba ɗaya. Na biyu, ka mai da kowane reshe takarda mai zaman kanta, ka maimaita sunan mai shago a kowacce. Wannan ya fi sauƙi da sauri, amma shafin farko yana iya cika da suna ɗaya sau biyar, ƙananan masu shago su nutse a ƙasa. Dole ka dunƙule rassan mutum ɗaya a wuri ɗaya wajen nunawa, ka kuma kula da ƙirge: shaguna arba'in daban, masu shago arba'in daban. In mai shago ya sauya suna, wuri biyar za ka gyara, ka manta ɗaya ya zama ƙarya.

Wanne ya fi? Ku tambayi kanku abin da mai nema yake nema. In ƙofar da zai shiga yake nema, reshe shi ne takarda. In mutumin da zai yi hulɗa da shi yake nema, kamar mai neman dillali amintacce ko kamfanin da zai ba kwangila, to uwa ce takarda, rassa bayaninta ne. Amsar tana bakin masu amfani da manhajar, ku je ku tambaye su. Matambayi ba ya ɓata.

Ku kuma saurari ƙananan kalmomi da kyau, domin a nan suna da nauyi. "Wanda ke da reshe a Kano" daban yake da "wanda duk rassansa a Kano suke". Mai son aika kaya yana neman wanda ke da ofis a Kano kuma yana da wani a Legas: wannan rariya biyu ce, kowacce sai takarda ta wuce ta, ko da ɗigo daban-daban. Idan kuma wani ya ce "ban da na Kano", injin zai jefar da duk wanda ke da ko da ɗigo ɗaya a Kano, har da mai reshe a Katsina da watakila shi ake so. Kafin ku rubuta layi ɗaya, ku faɗi sharaɗin da Hausa a fili, ku ji ko shi ne abin da mutumin ke nufi.

Wani abin ma ba ɗigo ba ne sam. Motar da ke tashi daga Kano zuwa Abuja tana bi ta Zariya da Kaduna. In ka adana farkonta da ƙarshenta kawai, na Kaduna ba zai gan ta ba. In ka adana hanyar duka a matsayin layi, wanda ke ƙauyen da motar ba ta tsayawa zai fito bakin titi yana jira. Abin adanawa a nan shi ne tashoshin da take tsayawa. Burtali kuwa layi ne, gandun daji fili ne, yankin da mai kai saƙo ke zagayawa shi ma fili ne. Ku ba kowane abu siffarsa. Kuma ku tuna nisan da injin ke aunawa na tsuntsu ne. Kogi, ko iyakar ƙasa, ko hanyar da ba a bi da damina, duk ba ya ganinsu. Ga mutumin Jibiya, Maraɗi ta fi Kano kusa nesa ba kusa ba, amma akwai iyaka tsakani, kuɗin ma daban ne.

Sauran abubuwa biyu ƙanana ne, amma sun kayar da manya. Na farko, wace lamba ce a gaba. Mu mun saba faɗin latitud kafin longitud, amma tsarin GeoJSON longitud yake sawa a gaba. A Elasticsearch ma in ka rubuta ɗigo a matsayin rubutu mai waƙafi a tsakani latitud ce a gaba, in ka rubuta shi a matsayin jerin lambobi longitud ce a gaba. Mutumin Landan in ya juya lambobinsa zai tsinci kansa a tekun Indiya, nan take ya gane. Mu namu ya fi haɗari. Juya lambobin Kano, 8.5 arewa da 12 gabas, za ka sauka wajen Ganye a jihar Adamawa. Har yanzu kana cikin Nijeriya, don haka binciken da ke tambayar ko ɗigo yana cikin ƙasa ba zai kama kuskuren ba. A takarda mai rassa biyar kuwa, huɗu za su fito daidai su rufa wa na biyar asiri. Ku gwada kowane ɗigo da sunan jiha ko ƙaramar hukumar da aka rubuta masa. Na biyu, in ba a san inda reshe yake ba, ku bar gurbin fayau. Kada ku cika shi da sifiri, domin sifiri da sifiri wuri ne na gaske a cikin teku, kudu da Gana, kuma zai shiga lissafinku ya ɓata shi.

Akwai amanar da ba zan rufe ba ban ambata ba. Wani lokaci takardar ba ta shago ba ce, ta mutum ce, ɗigonta kuwa gidansa ne da wurin aikinsa da makarantar 'ya'yansa. Iyayenmu da ƙannenmu mata da yawa a cikin gida suke sana'a, masu turare da masu ɗinki da masu abinci. In manhajarku tana faɗin nisa daidai da mita, mai mugun nufi zai tsaya a wuri uku daban-daban ya auna, ya gano ƙofar gidan. A irin wannan ku nuna unguwa kawai, ku dunƙule nisan, ku bar mai sana'a ta ba da adireshi da bakinta ga wanda ta yarda da shi. Lamba biyar bayan ɗigo a lissafin digiri tana kai mutum kusan mita ɗaya daga inda ake nufi. Ba kowace takarda ce ke bukatar wannan ba.

Daga ƙarshe, 'ya'yana, gani ya kori ji. In kun gama, ku zuba ɗigon duka a taswira ku kalle su da ido, za ku ga wanda ya faɗa tafki ko tsakiyar daji. Sannan ku ɗauki waya ku fita. Ku tsaya a bakin kasuwa ku nemi abu, ku bi abin da manhajarku ta ce har ku isa ƙofar, ku yi sallama ku tambaya ko akwai. Ku sake gwadawa da daddare, ku gwada ranar da ba ta kasuwa ba. Yaron da ya zo wurina haka ya yi. Ya mai da kowane reshe ɗa a ƙarƙashin uwarsa, ya zagaya rassa ukun da ke Kano da ƙafarsa, ya tarar ɗaya ya tashi ya koma wani layi tun bara. Ya gyara, ya kuma sa a riƙa rubuta ranar da aka tabbatar da kowane ɗigo, domin wuri ma yana tsufa.

Sana'arku kwatance ce. A garuruwanmu, baƙo in ya tambayi hanya, dattijo ba ya nuna masa inda bai tabbata ba. Yakan ce bari in haɗa ka da yaro ya raka ka. Manhajarku ita ce yaron nan, kuma baƙon ya yarda da ita alhali bai taɓa ganin fuskarku ba. Ku kai shi ƙofar da ke buɗe, wadda ta fi kusa, mai abin da ya zo nema.

Allah ya yi muku albarka, ya sa albarka a hannuwanku, ya sa abin da kuke ginawa ya zama sauƙi ga bayinsa. Amin.